Inda Baffa Yake Zuwa da Babur Ɗinsa

Baffa ya rasu a gadon asibiti, da hantsi, ƙarshen daminar da ta wuce. Allah ne Ya ba mu shi, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Na fara da faɗin inda ya rasu ne domin ita ce tambayar da aka fi yi mini a zaman makoki. Mace za ta shigo falon matarsa Hajiya, ta durƙusa ta yi gaisuwa, a shafa fatiha, sannan ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, a kan babur ɗin ne? In na ce a'a, ciwon zuciya ne, sai ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar wanda ya san an ba shi amsar da aka tanadar wa baƙi.

A waje ma haka aka yi, kamar yadda maigidana ya ba ni labari. An kafa rumfa a ƙofar gidan nan namu na Nassarawa GRA, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, manyan mutane suna ta sauka daga motoci. Wani maƙwabcinmu, tsohon babban ma'aikacin gwamnati, da ya zo yin addu'a sai ya ce Allah Ya yafe wa Alhaji abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Addu'a ce da kowa yake yi, amma ya ja ƙarshenta har sai da mutane suka ɗago kai. Masu zagayawa alwala kuwa kusan kowa sai ya ratse ta gaban gareji ya leƙa ta tsagar ƙofa. Mutum biyu kawai aka gani suna kuka a fili: wani mai walda daga Kawaji, da wani tsoho Kirista mai ƙafa ɗaya da aka kawo a adaidaita sahu. Su ma sai da aka yi ta tambayar su wane ne, kuma me ya haɗa su da mamacin.

Jikokinsa suna nan suna jin duk wannan. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona, kafin raɗe-raɗin ya zama shi ne abin da za su gada.

Ni 'yar ƙaninsa ce. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Baffa ya ɗauko ni ya haɗa ni da 'ya'yansa, a gidansa na tashi har aka kai ni ɗakina a Gawuna. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Aikin safiyo ya yi har ya yi ritaya, yana auna hanyoyi da filaye a dazukan Arewa. Ban sani ba ko aikin ne ya mayar da shi haka ko kuwa halitta ce, amma ban taɓa ganin mutumin da ba ya yarda da abu kamarsa ba. In ya sayi kwaɗo, sai ya tsaya a gaban mai shago ya yi ta buɗewa yana rufewa har mai shago ya gaji. In likita ya rubuta magani, sai ya zare 'yar takardar da ke cikin kwalin ya karanta ta tas kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya. In direba ya ce taya lafiya take, sai ya fita ya danna da kansa. Duk labarin da aka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: wa ya faɗa, kuma ya gani da idonsa? Mun sha wuya da wannan tambayar muna yara.

Bayan ya ajiye aiki kowa ya ɗauka gona zai kama, ko ya shiga kwamitin masallaci kamar sa'o'insa. Sai ga shi wata rana da la'asar an sauke masa babur daga bayan akori-kura. Ba irin na 'yan acaɓa ba ne. Na hannu ne, ɗan Kwatano, mai dogayen ƙafafu da siririn jiki, wanda aka ƙera don kwalta da daji duka. Tsayinsa ya kai in Baffa ya hau sai da kan yatsu yake taɓa ƙasa. Hajiya ta fito ta zagaya shi ta ce wannan ai babe ne, dubi cinyoyinsa. Sunan ya bi shi har ƙarshe. Ta tambaye shi me zai yi da shi, ga motoci a gida, ya ce yawo zai yi. Ta yi dariya, don ta zaci wasa yake yi.

Bai hau shi ba sai da ya kwance shi gaba ɗaya. Ya ce bai san hannun da ya taɓa shi ba, ba zai ɗora ransa a kan notin da wani ya ɗaure ba. Ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a gareji, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke kowanne da kananzir. Daga nan ne ya fara neman mai walda. Ya gwada mutum biyu ko uku suka ɓata, kafin ya dace da na Kawaji, wani magidanci marar yawan magana mai rumfa kusa da masana'antun Dakata. Su ma da faɗa suka fara. Baffa ya sa shi ya yi wa babur ɗin kariyar ɗaukar kaya ta baya, da aka gama sai ya ɗauki guduma ya dankara wa mahaɗin, ƙarfen ya ɓalle. Mai walda ya ce ai ba a yi shi don a daka da guduma ba. Baffa ya ce hanyar da zai bi ta fi guduma mugunta. Mutumin ya yi fushi ya ce a ɗauke masa babur daga rumfa. Washegari kuma shi ya kira da kansa ya ce ya kwana yana tunani, ya ga inda kuskuren yake, a dawo da shi.

Shekaru suka yi suna wannan aikin, ana yi ana sakewa. Tankin mai ya yi wa Baffa ƙanƙanta, suka yanka shi suka faɗaɗa. Kafin ya yarda a zuba fetur, sai da ya cika shi da ruwa ya ɗora a kan jarida a rana, yana dawowa yana duba ko ɗigo ɗaya ya sauka. Suka lanƙwasa faranti mai kauri suka rufe cikin injin ta ƙasa saboda duwatsu. Suka yi masa garkuwa da bututun ƙarfe hagu da dama, don in ya faɗi kada inji ya fashe ko ƙafa ta maƙale. Ya sa tayoyi masu manyan haƙora, ya ƙara fitilu biyu ƙanana a gaba, ya kai sirdin wurin wani mai kushin a Tudun Murtala aka rage masa tsayi aka ƙara masa faɗi. Yana da ƙyalle na musamman da yake tace fetur ɗin 'yan bumburutu da shi, don ya ce rabinsa ruwa ne da ƙasa. Kowane noti kuma, in ya ɗaure shi, sai ya ɗiga masa farin fenti ya ja layi har kan ƙarfen da ke gefensa. In girgizar hanya ta sassauta notin, layin zai karkace, ya gani tun kafin abu ya faɗi.

Abin da ya fi jawo masa magana shi ne akwatunan gefe. Tsofaffin akwatunan kayan safiyo ne na ƙarfe, koraye, masu maƙulli, da ya ajiye tun yana aiki. Ya ce ba ruwa ba ƙura da za su shiga cikinsu. Amma duk wanda ya hango su daga nesa, akwatin harsashi yake gani.

Da farko ba wanda ya damu. Yakan fita bayan sallar asuba da hular kwano da rigar fata a kan kaftani, ya je Tiga ko Falgore ya dawo. Sannan tafiyar ta fara tsawo. Ya je tuddan yashin Yusufari, ya je Damagaram, ya hau Mambila. Sai ya yi sati biyu ko fiye ba a gan shi ba, ya dawo ya rame ya yi baƙi, idonsa yana ƙyalli, da tsarabar dabino ko cuku ko ganyen shayi. In an tambaye shi wurin wa ya je, sai ya ce ba wurin kowa ba. Me ya je yi? Ya je ya gani. Hotunan da ke wayarsa ma ba su taimaka ba, don babu mutum a cikinsu, daga babur a jingine gefen dutse sai babur a bakin rafi.

Sai zamani ya juya. Babur ya zama abin hawan mutanen daji, kullum rediyo tana faɗin an shiga ƙauye kaza a kan babura. A irin wannan lokacin ne dattijo mai furfura, mazaunin GRA, yake fita da tankin da ya ninka na kowa da akwatunan ƙarfe a kulle, ya shiga inda ko jami'an tsaro ba sa so a tura su, ya kuma dawo lafiya. Wasu suka ce fetur yake kai wa mutanen dajin. Wasu suka ce tunda ya san dazukan nan tun yana aiki, hanya yake nuna musu. Wasu suka ce zinare yake saya a wurin masu haƙa. Ba wanda ya faɗa a gabansa. Amma sahun da yake tsayawa a masallaci ya fara yin sarari a gefensa, kuma wata ƙawar surukata ta taɓa tambayata a wurin biki, cikin murmushi, ko har yanzu Baffana yana kasuwancin nasa. Na ce wane kasuwanci? Ta ce au, ta zaci na sani.

Wanda abin ya fi ci shi ne Yaya, babban ɗansa, wanda yake riƙe da muƙami a gwamnati. Baffa ba ya faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce yaron nan, ko da Yaya ya yi furfurar kansa. Yaya ya gaya mini an fara jefa masa magana a ofis, ana tambayarsa lafiyar Baba da wata irin murya.

A tsakiyar wannan ne Baffa ya yi abin da ba na mantawa. Tsohon nan mai ƙafa ɗaya amininsa ne tun suna makarantar sakandare, mutumin ƙasar Zariya, malamin lissafi da ya ƙare aikinsa a Kano. Ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa. Yana da yaya mace a ƙauyensu, can bayan duwatsu, ta tsufa ta makance, ta aiko cewa tana so ta ji muryarsa a kusa kafin ta mutu. Damina ce, gada ta karye, mota ba ta shiga. 'Ya'yansa suka ce ya haƙura sai rani. Baffa ya ji, ya tafi Kawaji wurin mai walda. Suka cire akwati ɗaya, suka ƙera majingina a bayan sirdi, suka yi wani ɗan maƙali mai soso inda dungulmin ƙafar zai zauna, da ɗamara mai faɗi da za ta haɗa su biyu. Sai da ya ɗaura buhun masara a wurin ya zagaya unguwa da shi, yana shiga ramuka da gangan, kafin ya yarda ya ɗora mutum. An kai Malam da mota har inda kwalta ta ƙare, daga nan Baffa ya goya shi. Malam ya ce sau biyu suka faɗi a taɓo, kuma duk faɗuwar Baffa sai ya fara duba babur kafin ya duba shi. Sun isa, ya kwana biyu a wurin yayarsa, ta rasu kafin kaka. Da labarin ya zagayo unguwarmu, abin da aka ce shi ne an ga Alhaji ya shiga daji da wani mutum a ɗaure a bayansa.

Abin da muke tsoro ya faru wata bazara. Ya tsaya shan ruwa a wani ƙauye a yamma, 'yan sa-kan garin suka kewaye shi. Kwanaki kaɗan kafin nan an shigo musu an kashe mutane an kore shanu. Suka ɗaure shi a gindin tsamiya suka fasa akwatunan. Suka tarar da taswirori masu zanen fensir, da kamfas, da igiya, da magunguna, da butar shayi, da sifanu. Duk abin da suka ciro, sai ya zama hujja. Suka tambaye shi wa ya aiko shi, ya ce ba kowa, yawo yake yi. Wannan amsar ce ta sa suka fara dukansa. Allah Ya sa wani dattijo ya hana a ƙarasa shi, aka kira 'yan sanda, su kuma suka kira Yaya. Ya dawo da shi a mota da karayar haƙarƙari, babur ɗin yana biye a bayan akori-kura.

Na je gaishe shi ina kuka ina tsine wa mutanen. Ya ɗaga mini hannu ya ce in bari.

"Uwata, da ni ne a garin nan na ga mutum irina, ni ma ɗaure shi zan yi. Dukan ne kawai ya yi yawa."

Da ya ɗan samu sauƙi Yaya ya zo, ina ɗakin, Hajiya tana bakin gado. Ya durƙusa ya ce don Allah Baba ya bari a rabu da babur ɗin nan. Baffa ya ce bai san ranar da aka fara yi masa doka a gidansa ba. Yaya ya ce ba doka ba ce, roƙo ne, mutuncin gidan ne yake zubewa. Maganar ta yi ta hawa. Can sai Yaya ya faɗi abin da ya daɗe a cikinsa. Ya ce a ofishin 'yan sanda, babban jami'in ya dube shi ya ce, tsakaninka da Allah, ka san abin da mahaifinka yake zuwa yi a daji? Ya ce ya sa hannu ya karɓo shi, amma wannan tambayar bai iya amsa ta ba.

"Baba, ni ma ban sani ba," in ji shi.

Baffa ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa bango. Watanni suka wuce, in Yaya ya zo gaisuwa, lafiya lau kawai yake samu. Ko jikokin da ya kawo, Baffa zai yi wasa da su, uban kuwa kamar ba ya wurin.

Haƙarƙari na warkewa ya koma gareji. Ya gyara abin da aka fasa, ya sake maƙullan akwatu, ya fara haɗa kaya. Ranar da zai gwada injin ya yi ta buga kik, shiru. Ya ɗauko tocila ya bi notinan ɗaya bayan ɗaya, ya tarar layin fenti ya karkace a kan waɗanda suka riƙe sirdi. Ya ɗaga, ya ga an cire ɗan baƙin akwatin da yake ba fulogi wuta. Gidan ya ɗauki zafi. Ya tsare maigadi da tambayoyi har mutumin ya yi rantsuwa da Alƙur'ani. Ya kira mai walda ya tambaye shi ko an aiko shi. Ya kira ni ya ce in gaya masa gaskiya ko yaron nan ya turo bakanike. Kowa ya zama abin tuhuma, har mai kawo mana ruwan jarka.

Da za a kai masa abincin rana, Hajiya da kanta ta ɗauko tiren. Ta ajiye, ta buɗe kwanon tuwo, ta buɗe na miya, ta buɗe na uku, sai ga ɗan akwatin a ciki naɗe da leda. Ta ce ita ce, kuma ba wanda ya taya ta, ta sha zama tana kallonsa yana kwancewa har ta gane wanda in babu shi ba a tashi. Ta ce ya rabu da bayin Allah.

"Alhaji, na gaji da zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara."

Muka jira faɗa. Bai yi ba. Ya ɗauki abin ya jujjuya shi, ya tambaye ta da wace sifana ta kwance, ta ce da mai jan hannu. Ya ce daidai ne. Ya ci tuwonsa. Abin ya zauna a kan teburin gefen gadonsa har damina ta wuce, kuma ya je har ɗakin maigadi ya nemi afuwarsa. Wurin Yaya ne kawai bai nema ba. Daga baya ya mayar da ɗan akwatin jikin babur ya ci gaba da fita, amma ba ya kwana, kuma ba ya nufar yamma.

Sannan numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciya ce, hawa babur ya ƙare. Baffa ya ce Yaya ne ya kai shi wurin likitan nan, ai ya san abin da suka ƙulla. Ya saci jiki ya hau adaidaita ya je wani asibitin da ba a san shi ba, ya ba da sunansa ba tare da na gidan ba, aka sake gwaji tun daga farko. Ya dawo ya zauna a gareji a kan kujerar roba har magariba. Bai gaya wa kowa sakamakon ba, sai dai daga ranar ya fara shan maganin.

Kwanciyarsa ta ƙarshe ba ta yi tsawo ba. Wata rana da la'asar ni da Yaya muna ɗakin asibitin, Hajiya ta je gida ta huta. Baffa ya buɗe ido ya ce yana da wasiyya a kan babe. Kada a sayar da shi a haɗe, don bai san hannun da zai faɗa ba, kuma babur irin wannan in ya shiga daji ba mai kamo shi. A kira mutumin Kawaji ya kwance shi, a rarraba kayan. Yaya ya ce to. Sai ya matso da kujerarsa, ya sunkuyar da kai, ya ce yana neman gafara, amma yana so ya ji daga bakinsa ko sau ɗaya, me yake zuwa yi.

Na ɗauka zai sake juya fuska. Sai ya fara magana a hankali, yana hutawa tsakani. Ya ce duk ƙuruciyarsa ya ƙare ta a dazukan nan, idonsa ɗaya a rufe, ɗaya a cikin na'ura, yana karanta lamba a jikin sanda. Ya auna ƙasar nan tun daga nan har bakin iyaka, amma bai taɓa tsayawa ya kalle ta ba, kullum ana jiransa da rahoto. Da ya ajiye aiki sai ya ga saura kaɗan ya mutu bai ga inda ya yi rayuwarsa ba. Ya ce akwai wata safiya a Mambila, ya hau wani tudu ya kashe inji, sai ya ga gajimare a ƙarƙashinsa, shanu suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙarar komai sai injin yana 'yan ƙas-ƙas yana hucewa. Ya hura wuta ya dafa shayi, ya yi walaha, ya zauna har rana ta kore gajimaren.

Nan ya tsaya. Yaya ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Shi ke nan, Baba?"

"Shi ke nan."

Yaya bai ɗago ba. Baffa ya miƙa hannu ya dafa kansa, abin da ban taɓa gani ya yi masa ba tun tasowata.

"Na san bai ishe ka ba. Ba komai, na yafe maka."

Bayan kwana biyu ya cika.

Ni dai abin da na sani ke nan. Ban bi shi ko tafiya ɗaya ba, ba zan ce na ga duk inda ya taka ba. Amma na zauna da shi tun ina yarinya, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa yara don su yi shiru.

An cika wasiyya. Mai walda ya zo da kayan aikinsa bayan an tashi daga zaman makoki, ya rufe gareji a kansa, ya wuni yana kwance abin da suka yi shekaru suna haɗawa. Ya ƙi cin abincin da aka kai masa. Da zai tafi ya roƙi a bar masa tankin, Hajiya ta ce ya ɗauka.

A makon da ya wuce Yaya ya kira ni a waya. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya yi ta kewaye-kewaye kamar ba shi ba. Can ya ce ya ɗauki hutu a ofis, kuma yana so in tambayar masa maigidana, tunda ya taɓa aiki a Taraba, ko ƙaramar mota tana iya hawa Mambila a wannan lokacin. Na ce me zai je yi? Ya ce ba komai, yana so ne ya je ya ga tudun. Ban tambaye shi ko ta'aziyya ce zai je yi wa kansa ko bincike ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba. Na ce masa ya tafi da rigar sanyi.

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa inda ya sauka, Ka sa wannan tafiyar ta fi duk waɗanda ya yi sauƙi. Mu da muka rage, Ka tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu gani ba a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Amin.